Daga Foraji Zuwa Tukunyar Ganda

Azumin bana ya faɗo mana cikin bazara. Da hantsi ya ɗaga, kwanon rufin gidanmu na unguwar Albarika yakan fara ƙara shi kaɗai kamar ana jifansa da tsakuwa, kafin azahar kuwa ko simintin tsakar gida ba ya takuwa. Jiya 'yata Rabi ta dawo daga kasuwa ranta a ɓace. Mai sayar da ƙanƙara ya ce ba zai ba ta ba sai ta haɗa da lemon ledarsa, kuma shi kaɗai ne firigonsa ke aiki a layin.

"Mama, ina ruwan ƙanƙara da lemo?" in ji ta.

Na yi dariya har ta ji haushi. Na ce ta zauna, don ni na fara yin irin wannan tambayar tun tana goye a bayana.

Shekara talatin da 'yan kai ke nan, lokacin da azumi ya zagayo cikin irin wannan zafi. Muna Zongo a nan Paraku, a gidan gadon maigidana, Baban Rabi. Shi mahauci ne, ubansa ma mahauci, tebur ɗaya suka yi ta miƙa wa juna a kasuwa. Ni 'yar Jugu ce, aure ya kawo ni. Sana'ata farfesun kai da ƙafa, ina kai wa gar, wato tashar mota, inda direbobi da matafiya ke ci.

Shekarar nan ruwan mangwaro bai zo ba, ɗan yayyafin da ke sauka kafin damina ya wanke itatuwa. Mangwaro ya nuna ƙanana, da yawa ya zube tun yana ɗanye. Rijiyar gidanmu ta ja da baya har guga yakan fito da rabi, ja wur kamar kunun dawa, sai mun bar shi ya kwanta a randa kafin mu tace. Kaji sukan raɓe gindin bango baki buɗe. Shanun da ake kawowa kwata kuwa, kana iya ƙirga haƙarƙarinsu daga nesa.

Kwanakin duk iri ɗaya suke tafiya. Kafin assalatu in ɗumama tuwo mu yi sahur. Baban Rabi ya wuce kwata daga masallaci. Ni da matan gida mu yi layi a bakin rijiya, kowa da juyinta, wadda ta ja guga biyu ta ba ta bayanta igiya. Da hantsi a kawo min kawuna biyu da ƙafafu takwas. In hura wuta a bayan gida in babbake su, hayaƙin gashi yana shiga min maƙogwaro ga shi ba halin kurɓar ruwa. In kankare, in wanke, in fasa, in ɗora babbar tukunya. Surukata Inna, wadda tsufa ya ɗauke mata azumi, ita ce harshena. In ɗebo romo a ludayi in kai mata, ta lumshe ido ta ce, "Ƙara gishiri kaɗan, yaji ya isa." Da la'asar sakaliya in ɗauki tukunya zuwa gar, in sayar har a sha ruwa, in dawo kafin isha.

Gida uku ne tsakaninmu da Alhaji Mamudu. A da ba wani attajiri ba ne, ya yi fataucin goro ya bari. Shekara biyu kafin wannan azumin ya sayar da gonarsa ya sa aka haƙa masa foraji, rijiya mai zurfi mai inji, a gefen karar shanu da ke kusa da Onklu a kan hanyar Jugu. Mutanen Zongo sun sha dariya. Wa zai sayi ruwa a ƙasar da kowane kwari yake da rafi? Sai ga shekarar da rafukan suka ƙafe, duk makiyayin da ya kawo shanu kara ba shi da inda zai shayar sai wurin Alhaji.

Labarinsa a bakin Baban Rabi nake ji, kullum bayan ya sha kunu ya miƙe ƙafa. Tun kafin azumi ya ce min Alhaji ya saye anguryar da ake fitarwa daga wurin gurzar auduga, ita ce abincin shanu tunda ciyawa ta ƙone. Wanda duk zai shayar a foraji, a wurinsa zai sayi angurya. Ban ga abin mamaki ba, na ce ai ruwa da abinci tare suke tafiya.

Ran uku ga azumi ya ce, "Yanzu kuma kamiyo. Saniyar da ta sha ruwansa ba ta hawa motar kowa sai tasa."

"Motarsa nawa?"

"Da ɗaya ce. Yanzu uku."

"A ina ya samo biyun?"

"Ta Isa Direba da ta ƙaninsa. Sun yi wata ba su sami lodi ba, suka sayar masa. Su ne ma ke tuƙa su yanzu."

Wannan ya tsaya min a rai. Isa Direba abokin cinikina ne, kullum ƙafa biyu yake ci. Mutum yana cikin motarsa, hannunsa a kan sitiyarin da ya saba, hanyar da ya saba, amma motar ba tasa ba ce. Da na tambaye shi a gar, sai ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Maman Rabi, aƙalla yanzu tayar tana juyawa."

Bayan mako guda aka ce duk mahaucin da aka ɗauko masa saniya a kamiyon Alhaji, fatar ta Alhaji ce, a farashin da ya yanka. Baba Sani majemi, wanda ke jima a bayan unguwa, ya zo ƙofar gidanmu ya zauna yana kukan rashin fata. Daga baya muka ji gishirin nan mai manyan ƙwayoyi da ake barbaɗa wa fata don kada ta ruɓe, shi ma sai a shagon Alhaji. Ni dai ina saurare ina jinjina kai, kamar mai jin labarin gobara a wani gari.

Ran goma sha ɗaya ga azumi hantsi ya ɗaga ba a kawo min kai da ƙafa ba. Na hura wuta, itace ya cinye, na sake hurawa. Sai wajen azahar Baban Rabi ya shigo hannu wofi, ya zauna a dakali bai cire takalmi ba.

"Alhaji ya buɗe gidan abinci a bakin gar," ya ce. "Kai da ƙafa da kayan ciki sun bi fata."

"Saniyar taka ce fa. Da kuɗinka ka saye ta."

"Tawa ce. Amma a motarsa ta zo."

Inna ta ce daga ɗaki, "Mamudun da na yi wa uwarsa wankan jego?"

Fushi na yi, amma abin da ya fi fushin yawa shi ne ɗaurewar kai. Ta yaya ramin ruwa da ke can dajin Onklu ya miƙo hannu har cikin tukunyata? Ga shi mutumin nan kullum da yamma ana fito da manyan robobin kunu ƙofar gidansa sadaka, har mu ana aiko mana. In ya gamu da ni a hanya shi ke fara gaisuwa.

Cikin kwanakin nan aka aiko cewa mahaifiyata ba ta da lafiya a Jugu. Tunda ba tukunya a wuta, na goya Rabi na hau taksi-burus, wato motar haya. Mu tara a mota, kujera tana ƙona cinya, iskar da ke shigowa ta taga kamar daga bakin murhu. Wajen Onklu direba ya tsaya ya zuba wa injin ruwa, na sauka na ga forajin da idona. Wani ɗan ɗaki ne na bulo, inji yana ƙugi a ciki, bututu ya fito yana zuba a dogon kwami na siminti. Shi ke nan. Amma shanu sun kewaye shi har inda ido ya kai, suna turereniya, ƙahoni na karo, ƙasa ta caɓe ta yi baƙi. Ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya doki hancina, miyau ya tsinke min, sai da na juya baya.

Wata Bafulatana mai tallan wagashi, cukun nan na nono, tana zaune a inuwa da guda huɗu kacal a faifai. Na tambaye ta nawa ake biya a shayar da garke.

"Ba tsada," ta ce. "Wani lokaci ma ya ce a bar shi."

"Kyauta?"

"Ruwan kyauta ne. Abin da ke bayan ruwan ne ba kyauta ba."

Har muka isa Jugu ina juya maganar nan. Mahaifiyata ta sami sauƙi, zazzaɓin zafi ne. Da yamma na zauna da yayana Bukari, wanda dillalin shanu ne, na ce ya warware min. Me ya hana wani ya haƙa nasa forajin?

"An gwada," ya ce. "Wani mutumin Partago ya fara tara kuɗi. Sai aka tambaye shi, in ka ba su ruwa, angurya fa? In ka samo angurya, wace mota za ta ɗauki shanun? Da can foraji kawai mutum zai haƙa ya shiga kasuwa. Yanzu sai ya zo da foraji da sito da kamiyo da shagon gishiri, duka rana ɗaya. Wa ke da wannan?"

"Kai fa, Yaya? Dillancin yana nan?"

Ya yi murmushi. "Dillali tsakanin mai saye da mai sayarwa yake tsayawa. In hanya ɗaya ce kowa zai bi, tsakanin wa da wa zan tsaya?"

Amma shi ne ya gaya min akwai wani garke da ke gangarowa daga arewa, bai kai ga forajin ba tukuna, mai shi yana son sayar da uku. Na kawo wa Baban Rabi labari. Ya ce ubansa da ƙafa yake koro shanu daga Jugu kafin a san kamiyo. Ya nemi mahauta biyu, suka haɗa abin da ke hannunsu suka tafi.

Kwana shida suka yi. A gida muka koma tuwo da miyar kuka ba nama, gidan mahauci guda. Sahur kunu ne da ragowar tuwo. Nonona ya ragu, Rabi ta yi ta ƙananan kuka. Inna takan zauna a zaure tana kallon gabas inda hadari kan haɗu da la'asar, ya yi baƙi, ya yi rugugi, iska ta kwashe shi ta yi kudu da shi.

Ran da suka dawo ban gane shi daga nesa ba. Leɓɓansa sun tsage, ƙafarsa ta kumbura har ya yanke bayan takalminsa. Ya ce da sassafe suke kora, su kwanta a inuwa rana tsaka, su sake tashi da la'asar. Sai a Beteru suka sami ruwan kirki, inda kogi ya bar 'yan tafkuna tsakanin duwatsu. Saniya ɗaya cikin ukun ta durƙushe kafin nan, suka yanka ta a wani ƙauye suka sayar da naman yadda aka taya. Ya sha azumi biyu, abin da bai taɓa yi ba tun balagarsa, ya faɗa min da murya ƙasa-ƙasa don kada Inna ta ji.

Washegari aka yanka ta farko. Kai ya zo, ƙafafu suka zo, na rungume su kamar baƙin da aka daɗe ba a gani ba. Fata ma ta zo, aka shimfiɗa ta a bayan gida. A nan muka gane tafiyar kwana shida ba ta fitar da mu ba. Baba Sani ya riga ya rufe ramukan jimarsa ya koma wurin 'yarsa a Kandi. Wanda ke sayen fata a garin mutum ɗaya ne, mai gishirin ma shi ne. Baban Rabi ya ce ko za ta ruɓe ba zai kai masa ba. Kafin azahar ƙudaje sun rufe ta, ta fara tashi.

A gar akwai wata Bayarabiya da ke soya doya kusa da ni, Iya Tope. Na ba ta labari don in rage zafi. Ta ajiye matsami ta dube ni.

"Fatar saniya guda kuke bari ƙuda ya ci? Ku Hausawa takalmi kuke ɗinkawa da abin da muke miya da shi."

Na san ganda mana, wa bai san ta ba, amma a wurinmu abin marmari ne da ake yi da fatar kai, ba sana'a ba. Iya Tope ta biyo ni gida da yammar nan. Ta sa muka yanka fatar falle-falle, muka babbake a wuta mai ƙarfi har ta nannaɗe ta yi baƙi, muka kankare ta koma ruwan zuma, muka jiƙa ta kwana. Ruwan da ta sha ya fi ƙarfin rijiyarmu, sai da matan gida suka ba ni juyinsu. Da safe ta kumbura ta yi laushi. Na dafa ta da attarugu da albasa da daddawa da ɗan manja. Inna ta tauna da dasashi, ta daɗe tana taunawa, ta ce, "Wannan ba ya neman haƙori. Kai musu."

Ranar farko tukunyar ta ƙare kafin a kira magariba. Mutanen kudu da ke jiran motar Kwatano suka yi min layi, wasu na zubawa a leda su tafi da ita. Fata ɗaya ta ba ni abin da kawuna huɗu ba sa ba ni. Mahautan nan biyu suka kawo min fatar saniyar da ta rage. Wasu ma da ke ɗauko shanu a kamiyon Alhaji suka fara yanko gefen fata suna aiko min a ɓoye cikin buhu.

Ran ashirin da shida ga azumi ruwa ya sauka. Ina gar, iska ta fara kwashe ledoji, sai ɗigo manya-manya masu ɗumi, sannan ya ɓarke. Ba wanda ya gudu. Direbobi suka tsaya a fili rigunansu na manne musu a jiki, ni na rufe tukunya da faranti na bar kaina a waje. Muna azumi, ba mai iya buɗe baki, amma fatar jiki ta sha. Isa Direba ya ce, "To, foraji ya tashi aiki." Kowa ya ɗauka haka ne. Nan da mako biyu ciyawa za ta fito, rafuka su kawo, ba mai neman ruwan Alhaji ko anguryarsa.

Ciyawa ta fito, rafuka suka kawo, amma ba abin da ya koma wurinsa. Kamiyon da za a ɗauka haya duk nasa ne. Majemi ya tafi. Masu kawo gishiri biyu da ake da su sun koma sayar da siminti. Makiyaya kuma ba sa son ɓata da mutumin da za su nema in rani ya dawo. Wannan ya fi komai ba ni mamaki, har yau ina tunaninsa: abin da ya ɗaure mutane ya tafi, ɗaurin bai tafi ba.

Bayan sallah da kamar kwana goma, ina zuba wa wani ganda sai na ga Alhaji Mamudu tsaye a gabana, shi kaɗai, da lema a hannu. Ya zauna a bencina kamar kowa.

"Maman Rabi, a zuba min abin nan da ya hana mutane shiga gidan abincina."

Na zuba masa. Ya ci a hankali, ya tsotse yatsu. Na ga in ban tambaya yau ba, ba zan ƙara samun dama ba.

"Alhaji, don Allah in yi tambaya. Da ka haƙa foraji, ka san zai kai ga kai da ƙafata?"

Ya yi dariya. "Wallahi ruwa kawai na yi niyyar sayarwa. Sai na ga shanu na sha suna faɗuwa don yunwa, na kawo angurya. Angurya na son mota, na sayi mota. Mota ta kai angurya Onklu, ba za ta dawo wayam ba, ta ɗauko shanu. Ta kai fata kudu, ba za ta dawo wayam ba, ta ɗauko gishiri. Kowanne shi ke nuna min na gaba."

"Ba inda za ka ce ya isa?"

"Na sha cewa. Amma duk ƙofar da na bari a buɗe, wani zai shigo ta nan. In ya riƙe gishiri, gobe shi ke yanka min farashin fata, jibi ya sayi mota. Kina ganin ina barci? Ba na barci, ƙanwata."

Na yarda da shi, har na ɗan ji tausayinsa. Sai ya nuna tukunya da haɓa ya ce, fata ɗaya kwano nawa take fitarwa? Na faɗa masa. Kwana nawa ake jiƙawa? Wace wuta ta fi, itace ko gawayi? In an babbake ba a jiƙa ba, kwana nawa take yi ba ta lalace ba? Su wa suka fi saye? Tun da na fara sana'a ba wanda ya taɓa tambayata yadda nake yin abu, ko Baban Rabi ci kawai yake yi. Na zage na yi masa bayani, har da abin da Iya Tope ta ce, wai a ƙasarsu ƙetaren iyaka ko nawa aka kai ba ya isa. Ya biya kuɗin kwanonsa, ya yi godiya, ya buɗe lema ya tafi.

Da na koma gida na ba Baban Rabi labari ina jin daɗi. Yana wasa wuƙa a dutse, sai ya tsaya.

"Har kwanan jiƙon kika faɗa masa?"

"Ya tambaya."

"Da maganar ƙetaren iyaka?"

Na ce har da ita. Ya ci gaba da wasa wuƙar, ya gwada ta a gashin hannunsa, ya mayar da ita kube.

Kafin babbar sallah hayaƙi ya fara tashi a filin da ke bayan gidan Alhaji. An gina murhu goma a jere, kamiyo na huɗu yana lodin babbakakkiyar fata zuwa iyaka duk mako. Buhunan da ake aiko min a ɓoye suka daina zuwa, don yanzu ana auna kowace fata a sikeli tun a kwata. Baban Rabi ya sake koro shanu da ƙafa sau ɗaya, abokansa ba su bi shi ba, a ƙarshen damina ya ba da hayar teburin ubansa ya karɓi aikin yanka a wurin Alhaji.

Ni kuwa aiko min aka yi. Matan da ya ɗauka suna ƙona fatar, ba su san lokacin da ake janye ta daga wuta ba, yana neman wadda za ta tsaya a kansu. Na kwana biyu ina cewa ba za ni ba. Ran na uku na ɗaura tsohon zanena na babbaka, na goya Rabi, na tafi. Shekara goma sha ɗaya na yi a bakin murhun nan.